Ku Bar Saura Ta Huta

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ɓoye zangarniya a cikin ƙwaya, ya ɓoye abincin gari guda a cikin zangarniya. Ni ne Anaruwa ɗan Korau, mutumin Kwarin Sumburma, can bayan Duwatsu Masu Hayaƙi, a duniyar da shamuwa ke kai girman raƙumi. Manomi ne ni, mai taurin kai, waɗanda suka san ni kuma za su ƙara da mai saurin fushi. Ga labarin tafiyar da na yi ina da shekara sittin da ɗoriya, lokacin da sa'o'ina ke zaune a inuwa suna gyaran ƙotar fartanya.

Kwarinmu duwatsu ne suka kewaye shi, ƙofa ɗaya gare shi, bayan ƙofar kuwa sai Filin Kanwa, wanda ba mu taɓa jin wani ya shige shi ya aiko da gaisuwa ba. Kakanmu Barmo ya sauka nan da gida tara. A zamanina mun zama gari goma sha biyu, kowane gida ka leƙa akwai goyo. Muka nome kwarin kaf, muka sare kurmi, muka tone kututture, har hanyar shanu muka shuke. Ni kaina da gonata nake taƙama, don bayan girbi share ta nake kamar tsakar gida, ko tsinke ba na bari. Amma ƙasar ta yi ta fari tana sanyi. Gonar da ubana ke cika rumbu biyu da ita, ni da ƙyar nake rufe gindin ɗaya.

Muna da wata al'ada da dole in bayyana muku. Da Barmo zai cika, wasiyya ɗaya ya bari: "Ku bar saura ta huta." Saboda haka duk mai cin abinci a kwarinmu yakan bar malmala ɗaya cikin huɗu, ya ajiye a ƙofar gida yana maimaita maganar. Da hantsi mutanen Sarkin Ƙwarya su bi gida-gida su tattara, a juye a wani rami mai zurfi a gindin dutse. Tun muna goye ake gaya mana cewa wanda ya ci saura ba zai ga faɗuwar ranar nan ba. Ko a shekarar da yara ke lasar ludayi ba mu fasa ba.

Da aka yi damina uku a jere rumbuna ba su kai mu bazara ba, dattawa suka zauna, Magajin Kwari ya yanke cewa ƙasar ba za ta iya ɗaukar mu duka ba. Aka jefa ƙuri'a: gida ɗaya cikin biyar zai fita ta ƙofa ranar da shamuwar farko ta sauka a kan kukar kasuwa. Ƙuri'a ta tsallake ni, ta faɗa kan gidan 'yata Yalwa, ita da mijinta da 'ya'yansu uku, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba.

Na je na durƙusa gaban Magaji, na ce, "Ranka ya daɗe, a musanya. Ni in fita, su su zauna."

Ya ce, "Kai baki ɗaya ne, Anaruwa, su biyar ne."

Na ce, "To a ba ni zuwa saukar shamuwa. Zan bi hanyar mafarauta ta kan duwatsu, in ga yadda wasu ke ciyar da nasu."

Ya ce in je, amma in sani ba za a jira ni ko wuni ɗaya ba. Da na gaya wa Yalwa, sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba, kai da ko tsanin rumbu sai ka huta sau biyu?" Na zage ta, ta yi dariya, ta ɗaure mini guzuri. Da na juya na ji ta tana jan hanci, ban waiwaya ba don ni ma nawa idon ya cika.

Kwana goma sha ɗaya ina hawa da gangara kafin in faɗa ƙasar Tumbatsa. A can gero tsayin giginya yake, karansa mutum biyu ba sa rungume shi, zangarniya ɗaya sai an haɗa jakai biyu. Na tsaya ina kallon sama har hulata ta faɗi. Wani mai gona, Tambari sunansa, ya karɓe ni hannu biyu, ya cika mini akushi, ya nuna mini sirrin: wani farin gari ne da suke haƙowa daga cikin dutse suna barbaɗa wa gona.

Ya ce, "Da can ƙwarya ɗaya muke zubawa. Bara mun zuba huɗu, bana takwas. In ka fasa shekara ɗaya, ko ciyawa ba za ta leƙo ba."

Na lura ruwan rijiyarsu ɗaci yake, na tona ƙasa da yatsa ban ga tana ko ɗaya ba, tsuntsu kuma ban ji kukansa ba. Na ga duk wannan, amma na kawar da kai, don 'yata nake tunani. Na roƙe shi ya ba ni buhu guda.

Ya ce, "Za ka samu, baƙo, har ka gaji da shi."

Kafin in gane nufinsa wasu ƙarti sun shigo da igiya. Ashe tun da ƙasar ke ninka abin da take sha kowace shekara, mahaƙa ba sa isar su, don haka duk baƙon da ya shigo dutse ake kai shi. Aka jera ni da waɗansu, hannayensu sun yi fari sun tsattsage, ɗaya ya ce mini shekararsa tara a ciki. Ba haƙan na ji wa tsoro ba, sai dai shamuwa za ta sauka ina cikin rami ban ko sani ba.

Hanyar dutsen ta bi ta bakin kogi, inda ake mirgina karan geron cikin ruwa, don ko akuya ba ta cin sa. Na lura karan saboda saurin girma cikinsa rami ne. Na riƙe ciki, na ce da mai gadi tuwonsu ya murɗe ni, in bai kwance ni ba kowa a layin nan zai shaida. Ya toshe hanci ya kwance ni. Na zagaya bayan tulin kara, na cusa kaina cikin ɗaya kamar ɓera, na toshe bakin da rigata. Ina jin suna kira suna zagi har aka mirgina ni, na ji sanyin ruwa ta bayana.

Kwana uku kogi na tafiya da ni, sannan ya tofar da ni a Tsibirin Masu Gatari. Mutanen nan garinsu a bayan kunkuru yake, kowane kunkuru ya kai girman tudu, da ɗakuna da rumbuna a kansa. Sukan sare daji, su ƙone, su yi noma shekara biyu, in ƙasa ta gaji su kaɗa kunkuru gaba, rairayi na biye da su a baya. Ranar da na iso suna cikin tashin hankali, don masu leƙen hanya sun dawo sun ce a gaba ma toka suka tarar da kututture. Sun zagaye tsibirin kaf sun dawo inda kakanninsu suka fara, dajin kuma bai farfaɗo ba.

Shugabansu, wani ƙato mai suna Gagarau, ya sa aka zaro ni daga kara, ya ce, "Tunda ruwa ya kawo ka, akwai ƙasa bayan ruwa. Ka kai mu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙasarmu nata ma korar su take."

Ya ce, "Ba mutanenta na tambaya ba." Ya shafa bakin gatarinsa.

Na ga in na nuna musu hanya, Yalwa ko kwarin da za ta yi kukan rabuwa da shi ba za ta samu ba. Sai na ce kunkuru ba ya shiga ruwan da ba a auna ba, bari in shiga gaba in nemo musu mashigi. Suka yarda, amma suka ɗaura mini doguwar igiyar rama a ƙugu. Na hau karana na tuƙa da gora har tsakiya, inda wani kututture ya kafe a cikin ruwa. Na yi kamar ina auna zurfi, na kwance igiyar na ɗaura masa, na rataya masa hulata, na kwanta ruf a kan kara, ruwa ya ja ni. Daga nesa ina jin Gagarau yana yi wa kututture tsawa ya faɗi abin da ya gani.

Inda na sake taɓa ƙasa ban ga abin mamaki ko ɗaya ba, sai abin haushi. Gonaki ne birjik da ƙazanta: kara a zube, tohon itatuwa ko'ina, gawo tsaye a tsakiyar kunya, shanu ɗaure a wani gefe suna kashi yadda suka ga dama. Na ce a raina ragwaye na faɗo wa. Amma garuruwansu sun fi namu cika, yaransu kuma kumatu gare su.

Wata tsohuwa mai suna Tambai ta same ni a bakin gonarta ina rawar yunwa, ta kawo mini tuwo da miyar wake. Na ci uku, na ɗauki malmala ta huɗu na kai bakin hanya na ajiye, na ce, "Ku bar saura ta huta."

Ta dogara fartanya ta ce, "Malam baƙo, miyar ce ba ta yi ba?"

Na ce ta yi, al'adarmu ce, na ba ta labarin Barmo da ramin da ƙuri'a. Ta ce, "Maimaita maganar." Na maimaita. Ta ce, "A garinku, sauran tuwo ake cewa ko saurar tuwo?"

Raina ya fara ɓaci, na ce, "Inna, wa ya taɓa cewa saurar tuwo? Sauran tuwo."

"In ya lalace kuma, ya lalace za ka ce ko ta lalace?"

"Ya lalace mana."

"To don me kakanku ya ce ta huta?"

Shekara sittin ina furta maganar nan sau biyu a rana, ban taɓa jin wannan "ta" ɗin ba. Tsohuwa ta ɗaga fartanya ta nuna gefen da shanu ke ɗaure, ta ce, "Waccan ita ce saura. Gonar da aka ɗauke wa gero don ta maido da ƙarfinta. Ku ba ku da kalmar ne?" Ba mu da ita. Tun zamanin kakan kakana ba a sake barin ko taku ɗaya na gona ba, sai kalmar ta mutu, wasiyyar ta rage a bakinmu muka liƙa ta a kan tuwo. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na tuna yaran da muka binne a shekarun yunwa ramin nan yana ƙoshi.

Duk da haka na yi gardama, don halina ne. Na ce, "Inna, mu da bakuna suka yi wa yawa, ta yaya za mu bar gona ta kwanta?"

Ta ce, "Wa ya ce kwanciya take? Shekara ɗaya a ɗaure mata shanu, wata shekara a ba ta wake ko gyaɗa, ku ci waken, ita ta ci saiwar. Tohon da kuke tonewa ku bar shi ya tashi. Gawon nan da kake harara, da damina yake zubar da ganye ya ba gero rana da taki. Ba gaba ɗaya ake yi ba, yanki-yanki ne, ana juyawa. Shekarun farko za ku ji jiki, ba zan ɓoye maka ba. Abin da kuke zubarwa a rami shi zai riƙe ku."

Tana cikin magana inuwa ta gitta mu. Na ɗaga kai na ga shamuwa garke guda sun taso daga fadama, sun fuskanci kwarinmu, suna shirin wucewa gaban damina. A ƙafa kuwa tsakanina da gida wata biyu ne. Tambai ta dube su ta dube ni, ta shiga ɗaki ta fito da ragar da suke ɗaukar harawa, da jakar irin wake. Muka laɓaɓa fadama, muka sami wata babba tana kiwon fara, na ɗaura ragar a ƙafarta na shige ciki. Ba zan yi muku ƙarya ba, tun da ta tashi ban buɗe ido ba sai sau ɗaya, na hango Duwatsu Masu Hayaƙi a ƙarƙashina, na sake rufewa.

Haka na shigo Sumburma, rataye a ƙafar tsuntsuwar da za a kori 'yata saboda saukarta. Ta dira kan kukar kasuwa da hantsi, na yanke raga na faɗo kan rumfar mai tukwane. Kafin in miƙe an buga ganga. Da na ɗingisa zuwa ƙofa har an zare sakata, farin Filin Kanwa na ƙyalli a waje, mutane sun jeru da kaya a ka, ba mai kuka da ƙarfi. Na hango Yalwa da goyo a baya, mijinta riƙe da hannun sauran biyun.

Na faɗi gaban Magaji na ce a saurare ni. Na faɗi abin da na gani, na zube irin wake a ƙasa, na ce a fara da gonata. Sannan na tambaye su tambayar Tambai. Na ga leɓuna suna motsi, kowa na gwada "ya" da "ta" a bakinsa.

Sarkin Ƙwarya, Cindo, abokin wasana tun ƙuruciya, ya fito daga cikin dattawa. Ya ce, "Anaruwa, shekara talatin ina juye abinci a rami yara na kallona. Ƙanena ma yana cikin layin can. Kana so ka ce mini duk a banza ne, saboda wata tsohuwa ta gyara maka magana?"

Na ce, "Ni ma na zubar, Cindo. Ba kai kaɗai ba ne."

Magaji ya ɗaga hannu, ya ce, "Maganar gajeriya ce. In saurar Barmo gona ce, to abin da ke cikin ƙoran nan tuwo ne kawai. A kawo ɗaya. In ka ci ka ga faɗuwar rana, a rufe ƙofa da kowa a ciki. In ba ka ci ba, su kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba."

Aka ajiye ƙwarya a gabana, malmala ɗaya ta jiya, ta yi sanyi ta bushe a gefe. Na san gaskiya ce na kawo, da idona na ga saura. Na miƙa hannu, sai hannun ya tsaya. Muryar uwata nake ji tana cewa kul, ramin nake gani, gumi ya jiƙa mini baya. Na ce wa hannun ya tafi, ya ƙi. Na ji tsoro, tsoro irin na yaro, ban kuma taɓa ƙin kaina kamar lokacin ba. Magaji ya jira iyakar jira, sannan ya juya wajen masu tsaron ƙofa.

Sai na ji an sauke kaya a gefena. Yalwa ce. Ta durƙusa, ta ce, "Baba, ka tabbata da abin da ka gani?"

Na ce, "Na tabbata."

Ta gutsuri tuwon ta kai baki. Wata mata ta yi salati, mijinta ya yunƙuro aka riƙe shi. Ta cinye malmalar tas, ta sha ruwa, ta kwance goyo ta ba ta nono a nan gaban kowa.

Ba wanda ya tafi gida. Gari goma sha biyu suka zauna a ƙasa suna kallon mace ɗaya, ƙofa a buɗe. Rana ta take tsaka, ta karkata. In ta yi tari sai zuciyata ta tsinke. Wajen la'asar ta lumshe ido ta jingina da kayanta, na tashi da gudu na girgiza ta, ta ce, "Baba, gyangyaɗi nake, tun asuba nake ɗaurin kaya." Cindo na zaune nesa da kowa, ya haɗa kai da gwiwa. Inuwar dutse ta taho a hankali, ta rufe kasuwa, ta rufe mu, jan ranar ya ɗan tsaya a kan tsauni sannan ya nutse. Yalwa na zaune tana cire wa 'yarta ƙaiƙayi daga gashi.

Cindo ne ya tashi, ya je da kansa ya tura ƙofar, ya sa sakata, ya tsaya a nan ya jingina goshi da itacen yana kuka.

Shekaru huɗu muka ji jiki kamar yadda Tambai ta faɗa, ba wanda ya ƙoshi sosai, amma ba a sake zare sakatar nan don korar kowa ba. Yau gonata ta fi ta kowa ƙazanta, tana kuma cika rumbu da rabi. Masu ba da labari a kwarinmu suna son su ce Anaruwa ne ya ceci gida ɗaya cikin biyar, ni kuwa duk inda na ji sai na gyara musu, shi ya sa na zauna na faɗe shi da bakina. Ni na kawo maganar daga bayan duwatsu, na kuma tsaya a gabanta hannuna ya ƙi tafiya. Wadda ta gaskata ni har ta kai baki, ita ce wadda na tafi cetowa.

Nan hikayar Anaruwa ɗan Korau ta tsaya. Allah ya ba ƙasa hutu, ya ba bakuna abin ci.